Shawara ga Masu Fargabar Magana a Gaban Jama'a

'Yan'uwa, abin da ya fi karya wa mai fargaba gwiwa shi ne gudun abin da yake tsoro, domin duk lokacin da ya ƙi tashi ya yi magana a taro, zuciyarsa tana ƙara gaskata cewa ba zai iya ba. Bugun zuciya da gumin tafin hannu aikin sinadarin adirenalin ne, kuma suna lafawa da kansu. Ku ja numfashi ta hanci na daƙiƙa 4, ku sauke shi a hankali na daƙiƙa 6. Ku fara gwaji a gaban mutum biyu na gida kafin babban taro. Idan fargabar ta hana barci ko aiki har tsawon watanni, don Allah a ga likita.