Ƙwallon bango a New York: kurakuran sababbin shiga

Da wuya ka ratsa filin wasan unguwa a Bronx ko Brooklyn ba ka ga bangon siminti mai tsayin ƙafa 16 da faɗin ƙafa 20 ba, samari na dukan ƙwallon roba a jikinsa da tafin hannu. Shiga kyauta ne, shi ya sa kowa ke faɗawa ba tambaya, ana ta maimaita ɓarna iri ɗaya.

Babbar ita ce duka da sandararren hannu. Sabon shiga zai miƙe yatsu, ya zabga wa ƙwallo mari da ƙarfin kafaɗa. Kafin a kai maki 21 da ake tashi wasa a kai, tafinsa ya kumbura, jini ya kwanta, washegari ko cokali ba ya riƙuwa. Lanƙwasa tafin kamar za ka ɗebi ruwa, ka saki wuyan hannu, ƙwallon ta sauka a gindin yatsu ta fita ta kansu, kamar dai jifa kake yi. Kafin ka fito, tsoma hannayen a ruwan ɗumi minti biyar, musamman da sanyi, sannan ka fara bugu a hankali daga kusa da bango kana ja baya. Ƙwallon iri biyu ce: babbar shuɗiya ana buga ta ba safa, amma ƙaramar mai tauri sai da safar hannu.

Sai hagu. Kai da kake zagaye ƙwallo don ka same ta da dama, wa kake yaudara? Dattawan filin unguwar Coney Island da ke Brooklyn bugu biyu sun gano ka, daga nan kowace ƙwallo hagunka za ta nufa har a tashi. Kunya ce ke hana ka, ka ajiye ta. Minti goma kullum, kai kaɗai, jifa da cafewa da hagu kafin ma ka fara duka.

Idan abokin karawa na bayanka zai buga, kada ka waiwaya. Ido ƙwallon take samu. Sa gilashin kariya, ka bar masu dariya su yi.

Bugun farko, in ƙwallon ta dawo daga bango, dole ta wuce layin da aka ja a ƙasa ƙafa 16 daga bangon, kada kuma ta haura na ƙafa 34. Mai bugun farko kaɗai ke cin maki.

Kada ka yi gaggawar dukan ƙwallo tana sama. Bar ta ta sauko daidai gwiwa, nan ake samun bugun gindin bango da ba ya ɗaukuwa.

Ka iso ana wasa? Faɗi da ƙarfi cewa kai ne na gaba. Wanda ya ci shi ke zama a fili, wanda ya yi shiru a jikin shingen waya kuwa sai magariba ta same shi a tsaye.