Yadda Za Ka Raba Kyanwarka da Muzurun Unguwa

1. Fara da abinci, domin shi ke jawo shi. Kyanwarka na gama ci ka ɗauke kwanon, ka rufe kwandon shara. Kan kifi da ƙashin kaza kada su kwana a tsakar gida.

2. Daga magariba zuwa hantsi a kulle ta a ɗaki. Muzuru ya fi yawo da almuru da asuba.

3. Bi katanga ka gano inda yake shigowa. Toshe kafar kwata da ragar waya, ka janye buhuna ko itacen da yake takawa.

4. In ka tarar suna faɗa, watsa musu ruwa daga nesa. Kada ka sa hannu! Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, sannan ya tafi asibiti, saboda kyanwa ma tana ɗaukar ciwon haukan kare.

5. Duba jikinta. Cizon kyanwa ƙaramin rami ne, amma yakan tara mugunya bayan kwana biyu ko uku. Kai ta wurin likitan dabbobi, a yi mata rigakafi.

Guba kuwa, a bar ta. Kajin maƙwabta da kyanwar taka za ta fara kashewa.