Yadda ake duba tsohon wasan bidiyo kafin a biya kuɗi a Legas

'Yan uwa da dama sun tambaye ni yadda nake zaɓar tsofaffin wasanni a kasuwannin Alaba da Computer Village. Ga matakan:

1. Fara tambayar kwali da ɗan littafin bayani. Wasan da ya zo da su duka ya fi faifai tsirara daraja sosai.

2. Juya faifan ka haska shi da fitilar waya. Ƙananan karce ba matsala. Tsagewa kusa da ramin tsakiya kuwa, ajiye shi.

3. Duba launin ƙasan. Faifan PlayStation na farko na asali baƙi ne. In ka ga fari fat, kwafi ne.

4. Karanta alamar yanki. Faifai mai alamar PAL na Turai ba ya tashi a PlayStation 2 (PS2) na Amurka mai alamar NTSC.

5. In kaset ne, leƙa haƙoran ƙarfen. Laimar Legas tana kawo tsatsa da fumfuna.

Hattara: kada ka hura kaset da baki, danshi kake ƙara masa. Goge haƙoran da auduga da ɗan sifirit.

6. Sa mai shago ya kunna a gabanka. Kaset ɗin Pokémon na Game Boy, adana inda ka kai a wasan (save), kashe, ka sake kunnawa ka ga ko yana nan. Batirin cikinsa mai riƙe abin da ka adana yakan mutu, kuma jabunsa sun cika kasuwa.

7. Sai yanzu ka yi ciniki, kana lissafa masa aibin da ka gani.

8. A gida, kada ka ɓare takardar kaset ko ledar wasan da ba a taɓa buɗewa ba, nan kuɗin yake. Ajiye a akwati busasshe, nesa da rana.