Yadda na gano famfon mai ne ke kashe min CR-V

Honda CR-V ɗina ƙirar 2004 ta yi kusan wata guda tana wahalar da ni. Da safe lafiya lau, amma da rana ta take, ina taka totur a hawa sai ta shaƙe, ta yi ta fizga, wani lokacin ta mutu. In ta huce ta tashi kamar ba ita ba.

Fulogi na fara zarga, na canza, a banza. Fiyus da rile (abin da ke sakar wa famfon mai wuta) ma ƙalau suke. Da na murɗa makulli ban tayar ba, na kasa kunne wajen kujerar baya: maimakon ɗan zuuu na daƙiƙa 2 da famfon mai ke yi, sai wani kuka mai rauni. Na aro ma'aunin matsin mai, ya nuna ƙasa da 50 psi ɗin da ya kamata, nesa ba kusa ba.

Sa'ar da na yi, ba sai an sauke tanki ba, akwai murfi a ƙarƙashin kujerar baya. Na rage matsin, na cire kan batir, na zaro famfon. Matatarsa ta yi baƙi ƙirin. Laifina ne, kullum allurar mai a ja nake yawo, alhali man ne ke sanyaya famfon. Na sa sabo da sabuwar robar bakin tanki, ta tashi bugu ɗaya.