Kurakuran da masu mota ke yi da inshora bayan sun sauya wani abu a jikin motar

Kamfanin inshora yana yanke kuɗin da za ka biya ne bisa motar da ka bayyana masa ranar da kuka ƙulla yarjejeniya. Idan ka sauya ta ba ka faɗa ba, yana da hujjar rage diyya ko hana ta gaba ɗaya ranar da tsautsayi ya faɗa.

Wani babban kuskure shi ne na tukunyar gas. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, mutane da dama a Najeriya sun mayar da motocinsu masu amfani da CNG, wato gas ɗin mota da ake matsawa cikin tukunya, amma kaɗan ne ke tunawa da kamfanin inshora. Gas ɗin nan ana matsa shi ne har kimanin "bar" 200 a ma'aunin matsi, don haka tukunyar da mai walda ya haɗa, ko ta girki, ba za ta iya riƙe shi ba. In wuta ta tashi, abin da mai binciken kamfani zai fara dubawa ke nan. A yi aikin a cibiyar da gwamnati ta amince da ita, a karɓi takardar shaida da rasit da lambar tukunya, sannan a rubuta wa kamfani ya shigar da sauyin cikin takardar inshora. Faɗa wa wakili da baki ko ta waya ba ya wadatarwa, domin ranar biyan diyya takarda ce ke magana.

Sai ƙimar mota. Hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora a Najeriya ta ƙayyade cewa kuɗin cikakkiyar inshora ba zai gaza kashi 5 cikin 100 na ƙimar motar ba. Motar naira miliyan 8 ke nan dubu 400 a shekara. Ka ƙara mata kayan miliyan 1, na gas ko rim ko na sauti, ƙarin da za ka biya dubu 50 ne. Wanda ya ƙi biyansa, in aka sace motar, kayan da ya ƙara sun tafi a banza.

Masu ƙaramar inshorar da doka ta wajabta, ta naira dubu 15 ga motar gida tun Janairun 2023, su sani ba ta gyara motarsu ko kaɗan. Ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani take biya, har naira miliyan 3.

Sauya inji ma sai an sanar da kamfani. Bakanike ya ɗora wani, lambarsa ta saɓa da ta takardu, sai biyan diyya ya tsaya ana bincike. A gyara takardun mota a ofishin lasisi, a kai wa kamfani kwafi.

Wayarin na manyan fitilu da sifiku kuwa, in an ja shi daga batir ba fis, hanya ce mai sauƙi ta tashin gobara, kuma ba ya ɓoyuwa ga mai bincike.

Akwai sauyin da ba ya taɓa ƙarfe amma ya fi duka tsada: mayar da motar gida ta haya. Wanda ya shiga kabu-kabu ko Bolt da inshorar motar gida, ko ya ƙara kujeru a bas, ya fita daga sharaɗin da ya sa wa hannu. Ya koma kamfaninsa, ko na takaful ne, wato inshorar Musulunci, a sauya masa zuwa ta kasuwanci kafin ya ɗauki fasinja na farko, sannan ya duba lambar motar a rumbun bayanan inshora na Najeriya, wato NIID, ya tabbatar an shigar.