Darasi na 7: Idan Kwamfutar Gida Ta Fara Nauyi

To jama'a, yau kan kwamfutar gida za mu tsaya, wacce ka siyo tana aiki fes amma yanzu in ka kunna ta sai ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama buɗewa ba. Da yawanmu da an ga haka sai a ce ai bairos ne, a kwashe ta a kai wa mai gyara ya yi mata fomatin, hotunan biki da takardun yara duk su tafi. Alhali yawanci ba sai an kai ga haka ba.

Mu fara da ƙura, don ita ce babbar matsalarmu musamman da hunturu. A cikin kwamfuta akwai 'yar fanka da take fitar da zafi, in ƙura ta toshe ramukan iska zafi zai taru a ciki, ita kuma kwamfutar da kanta take rage gudu don kar ta ƙone, shi ya sa za ka ji fankar tana ta kuka kamar injin markaɗe amma aiki ba ya tafiya. Masu ɗora laftof a kan katifa ko filo ku ne na farko, ramukan nan a ƙasa da gefe suke, kun toshe mata hanci kenan. A ɗora ta kan tebur ko ko da faranti ne. Duk sati ka kashe ta, ka zare caja, ka share ramukan da busasshen buroshi mai laushi, banda ruwa. In hunturu ya wuce sai mai gyara ya buɗe ya share cikin.

Sai manhajojin da suke tashi da kansu da zarar ka kunna, ba ka kira su ba amma suna can suna cin ƙarfinta. Danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai fito, ka shiga wajen da aka rubuta Startup, duk wacce ka san ba ka bukata da sassafe ka danna mata Disable. Ba goge ta ka yi ba, tana nan. Wacce ba ka gane ba ka ƙyale ta.

Yanzu buɗe This PC ka kalli layin da ke ƙarƙashin C, wato babban rumbun ajiyar kwamfutar. In ya koma ja to rumbun ya kusa cika, abin da ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Fina-finan da aka gama kallo tun bara me suke yi a nan? A mayar da su filash ko a goge, a duba Downloads, sannan a zubar da Recycle Bin, don abin da ka goge yana nan a kwandon yana cin wuri har sai ka zubar.

Wani abu da mutane ba su sani ba, a Windows 10 da 11 Shut down ba ya wartsake kwamfutar gaba ɗaya, Restart ne yake yi. Ka riƙa yi ko sau ɗaya a sati. Maganin bairos kuma guda ɗaya ya isa, Microsoft Defender yana zuwa da Windows kyauta, in ka jibga biyu ko uku nauyi kawai za su ƙara mata. Filash ɗin da aka kai wajen masu tura fim dai a yi masa sikanin kafin a buɗe.

In ka yi duk wannan har yanzu tana jan ƙafa, tambayi mai gyara ko tsohon rumbu mai juyawa ne a ciki. Canza shi zuwa SSD, wato rumbu mai sauri da ba ya juyawa, ya fi komai tasiri, sai ƙara RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da take riƙe aikin da kake kai, daga giga 4 zuwa 8.

Aikin gida: kowa ya duba agogo ya rubuta minti nawa kwamfutarsa take ɗauka kafin ta buɗe, ya gyara Startup, ya sake aunawa, a zo mana da lambobin biyu a aji na gaba.