Kafin a shimfiɗa daɓen katako

Kada a sauke falankan yau a buga su gobe. A kwance ɗaurinsu, a jera su cikin ɗakin da za a yi aikin, da 'yan sanduna tsakani don iska ta ratsa, su yi aƙalla mako guda. Katako yana shan danshi ya kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Wanda aka yi wa gaggawa shi ke bankarewa ko ya buɗe baki.

In a kan sabon siminti za a shimfiɗa kuwa, sai ya yi kwana 60 yana bushewa. Don gwada danshinsa, a manna leda a kansa da salatif kwana biyu. In ta yi gumi, a dakata. A bar tazarar santimita 1.5 jikin bango, a sayi ƙarin kashi 10 cikin 100 saboda yanka.